BAYANI KAN TSIRON BAKI DA FATA MAI SUNA BERUSIFOM ZANTOMA

Berusifom zantoma wani ɗan tsiro ne da kan fito a cikin baki, wani lokaci kuma a fatar jiki. Ba kasafai ake samun sa ba, ba ciwon daji ba ne, kuma ba a ɗaukar sa daga wani. Mun kawo bayaninsa ne saboda kamanninsa na iya rikitar da mutum, har ma da ma'aikacin lafiya, domin yana kama da farkon ciwon dajin baki.

Asalinsa

Wani likitan cututtukan baki ɗan ƙasar Amurka, William Shafer, shi ne ya fara bayyana shi a shekarar 1971. A shekarar 1979 aka fara ba da rahoton samun sa a wajen baki, a fatar al'aura. Ya fi fitowa ga manya masu shekara 40 zuwa 70, maza da mata.

Kamanninsa

Yawanci guda ɗaya yake fitowa, a kan dasashi, ko rufin baki, ko harshe. Girmansa bai cika wuce santimita 2 ba. Samansa na da kaushi da ƙananan gudaji, launinsa kuwa fari ne, ko ja, ko mai ɗan rawaya. Ba ya zafi, kuma a hankali yake girma, saboda haka mutum kan daɗe da shi bai lura ba.

Abin da ke haddasa shi

Masana sun fi karkata ga cewa yana biyo bayan rauni ko kumburi mai daɗewa a wurin. Idan ƙwayoyin fata suka lalace, sai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki su haɗiye kitsen da ya fita daga cikinsu, su taru a ƙarƙashin fatar. Yawancin masu shi ba su da matsalar yawan kitse a jini. Akan gan shi kuma a ƙafar da ta daɗe da kumburi irin na tundurmi.

Ganowa da magani

Ido kaɗai ba ya iya tabbatar da shi. Likita zai yi allurar kashe zafi, ya cire tsiron, ya aika da shi ɗakin gwaji a duba shi da madubin likita. Wannan ƙaramar tiyata ita ce maganinsa, kuma da wuya ya dawo bayan an cire shi.

Kira ga jama'a

Duk wani tsiro, ko gyambo, ko farin tabo a cikin baki da ya wuce mako 2 bai warke ba, a kai shi asibiti wurin likitan haƙori, musamman ga masu shan taba ko tauna ta. Kada a bari wanzami ya yanke shi, kada kuma a ƙona shi ko a shafa masa kanwa. Idan aka yanke aka yar, an rasa abin da za a gwada, in kuwa ciwon daji ne, to an ba shi lokacin yaɗuwa.

Muna roƙon hakimai, dagatai, masu unguwanni da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi da su isar da wannan bayani ga jama'arsu, su kuma taimaka wajen tura mai irin wannan larura babban asibiti a kan lokaci.