Ruwan da ya shiga Nijar ya dawo: Gulbin Rima da Yarjejeniyar Maiduguri

Makalarmu ta wannan mako a kan ruwa take, ruwan da manomin albasa da tafarnuwa a Goronyo da manomin shinkafa a fadamar Wurno suke dogaro da shi.

Da yawanmu mun ɗauka Gulbin Rima namu ne mu kaɗai. Amma ɗaya daga cikin manyan rassansa daga ƙasar Katsina yake tasowa, inda ake kiransa Gada. Ya bi ta Jibiya ya tsallaka Nijar, can a kira shi Gulbin Maraɗi, sannan ya karkato ya dawo Najeriya ta ƙasar Gobir, ya haɗu da ruwan Bunsuru da Gagare kafin ya iso Goronyo da Wurno. Wato ruwan nan sau biyu yake tsallaka iyaka kafin ya zo gonarmu. Rabah kuwa, mahaifar Sardauna, a bakin Gulbin Sakkwato take, ƙasa da Bakolori. Wannan kogi shi ya fara koya mana darasi.

A 1969 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da rahoto kan kwarin Sakkwato. Shawararta ita ce a gina ƙaramin dam a Bakolori, a tafi sannu a hankali, kada a rusa noman fadama da mutane suka gada. Sai kuɗin mai ya shigo. Aka kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a 1973, aka ba kamfanin Impresit na Italiya kwangila, aka gama ƙaton dam a 1978. Manoman da aka karɓe wa gonaki suka yi bore kan diyya, a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka da dama. Waɗanda ke ƙasan dam kuma, ambaliyar damina da ke jiƙa musu fadama ta ragu, shinkafa ta ja baya, kifi ya yi ƙaranci. Dam ɗin da aka gina don ƙara abinci sai ya rage abincin wasu, don mai tsara aikin bai sa su a lissafi ba.

Dam ɗin Goronyo an gama shi a 1984, an ƙaddamar da shi a 1992. An tsara ya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900, don noman rani da kuma ruwan shan birnin Sakkwato. A wannan tsakanin ne aka gina wani dam a Jibiya, a kan Gada. Ruwan da ke isa Maraɗi ya ragu, manoman can suka koka kamar yadda na ƙasan Bakolori suka koka.

To, ba a rasa wurin zama a tattauna ba. Tun 1971 ƙasashen biyu suke da Hukumar Haɗin Gwiwa ta Najeriya da Nijar, mai hedikwata a Yamai. A ƙarƙashinta aka sa hannu kan Yarjejeniyar Maiduguri a watan Yulin 1990, kan raba ruwan koguna huɗu bisa adalci: Maggiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, sai ƙasan Komadugu-Yobe. Kowace ƙasa ta yi alkawarin musayar bayanan ruwa, da sanar da 'yar uwarta a yi shawara kafin ta fara aikin da zai taɓa kogin. A takarda, magana ta yi kyau ƙwarai.

A fili kuwa, shekaru biyu sun ishe mu misali. A watan Satumban 2010 ruwa ya fi ƙarfin Goronyo, aka saki ƙofofi, ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki a Goronyo da Wurno har zuwa Sakkwato, ta karya gadar da ke kan hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A farkon 2018 kuma dam ɗin nan ya janye har ya koma kusan kashi 10 cikin 100 na abin da yake ɗauka, hankalin birni da na manoman rani ya tashi. Ba wata yarjejeniya da za ta hana damina yin yawa ko ƙaranci. Amma sanin abin da ke tafe daga sama, da sanar da na ƙasa a kan lokaci, da yashe rairayin da ke cike dam, da hana sare itatuwan bakin kogi, duk aikin hukuma ne. Matsalar ita ce aikin a rarrabe yake: dam na Tarayya, filaye a hannun jiha, ma'aikatar gona daban, ta muhalli daban, wani sashe na kogin ma a wata ƙasa.

A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING na gyaran ayyukan noman rani, Bakolori da tsakiyar kwarin Rima na ciki, tare da ƙarfafa ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa. Wannan ci gaba ne. Sai dai gyaran magudana a Goronyo ba zai wadatar ba idan babu mai magana da Jibiya da Maraɗi. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki. Motocin kaya suka yi cirko-cirko a Illela da Jibiya na watanni, amma da damina ta sauka ruwan Gada ya shiga Maraɗi ya dawo mana kamar kullum.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ko shugabanni sun yi faɗa, ya kamata injiniyan Jibiya da na Maraɗi da na Goronyo su ci gaba da kiran juna a waya. Mu kuma a duk lokacin da ɗan majalisa ya zo neman ƙuri'a, mu tambaye shi: ina aka kwana kan Yarjejeniyar Maiduguri, kuma wa ke da alhakin sanar da mai gari kafin a buɗe ƙofar dam?

Dattawanmu da suka ga fadama kafin 1984, da waɗanda ambaliyar 2010 ta shafa, ku ba mu labarin abin da idonku ya gani. Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa.