Daga Ganuwa Zuwa Gona: Koyar da Tarihin Mulkin Mallaka a Ƙananan Sakandaren Kura da Bunkure

Tun da aka maido da darasin tarihi cikin manhajar ilimin matakin farko, wani ra'ayi ya samu karɓuwa a wajen wasu malamai, cewa ɗalibin ƙaramar sakandare bai isa ya fahimci haraji da dokar ƙasa ba, don haka labarin yaƙi da sunayen mazaje ne daidai da ƙwaƙwalwarsa, sauran kuwa a jira ya girma. Wannan maƙala tana ganin akwai kuskure a ra'ayin, aƙalla game da yaran yankin noman rani na Kura da Bunkure. Labarin yaƙin kansa ba abin jayayya ba ne: yadda rundunar Turawa ƙarƙashin Morland ta taso daga Zariya ta ci Bebeji, ta shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903 bayan Sarki Alu ya tafi Sakkwato, da naɗin Abbas a gurbinsa, duk sanannu ne (Fika, 1978).

Yaƙin kwanaki ya ɗauka, mulkin kuwa shekara 57 ya yi, saboda haka yaron da ya haddace ranar faɗuwar ganuwa ya san yadda Turawa suka shigo ne kawai, bai san abin da zamansu ya yi wa gidansu ba. Abin da ya riski talaka shi ne tura hakimai daga birni su zauna a gundumomi, da neman haraji da kuɗin Turawa maimakon wuri, da tsarin taki, wato auna gona da takun ƙafa domin a yanka wa mai ita abin da zai biya. Da wuya a ce waɗannan sun fi ƙarfin yaron da ya tashi a bakin kanal, wanda yake jin iyayensa suna lissafin eka da kuɗin ruwa, ya kuma ga yadda farashin kwandon tumatur ke faɗuwa a Kwanar Gafan idan kaya ya yi yawa. Mai yiwuwa ma ya fi ɗan birni saurin gane abin da ake nufi da a tilasta wa manomi neman tsabar kuɗi a lokacin da amfani ba shi da daraja.

Labarin gyaɗa ya fi labarin yaƙi nuna kakannin yaron a matsayin masu dabara. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa suna sa ran auduga domin masaƙun Ingila, amma daga 1912 manoma da fatake irin su Alhassan Ɗantata suka karkata ga gyaɗa saboda ita ta fi riba (Hogendorn, 1978). Ba a jima ba yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, ta auka wa ƙasar, kuma Watts (1983) ya nuna cewa fari kaɗai bai isa bayani ba, sai an haɗa da nauyin haraji da ya raunana rumbun manomi.

Sukar da ta fi nauyi daga masu wancan ra'ayi ita ce, aikin noman rani ba na Turawa ba ne: an kammala madatsar Tiga a 1974 zamanin Audu Bako, an kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, don haka fara darasi daga kanal, kamar yadda wannan maƙala ke so, zai cakuɗa wa yaro zamani biyu, ya kuma koya masa ɗora wa baƙo laifin duk abin da ya same shi. Wannan suka tana da gaskiya a cikinta, kuma dole ta taƙaita abin da ake iya da'awa. Ba za a ce Tiga 'yar mulkin mallaka ce ba. Abin da hujja ta ɗauka bai wuce wannan ba: dokar ƙasa ta 1910 ta sanya filayen Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna, dokar 1978 ta riƙe wannan tushe, kuma ikon hukuma na karɓar gona ta sake rarraba ta yana da asali da yaro zai iya bi baya ya gano. Kanal ƙofar tambaya ce kawai, amsar tana cikin takardu da bakin dattawa.

Kura kanta tana ba da maganin ɗora laifi barkatai. Shea (1975) ya bayyana yadda rini ya bunƙasa a ƙasar Kano a ƙarni na 19 har ya zama kayan fatauci, kuma turkuɗin Kura, wato baƙin yadi mai sheƙi da ake rinawa da baba a buga, bai daina zuwa hannun Buzaye ba bayan zuwan Turawa. Kuɗin karofi, harajin da ake karɓa a kan ramukan rini, ya riga Turawa. Malamin da ya ce yadin Ingila ya kashe kowace sana'a, ko ya ce haraji baƙo ne, jikokin marina za su iya ƙaryata shi daga abin da suka ji a gida.

Saura batun shaida, kuma a nan ne hanyar da wannan maƙala ke goyon baya take da rauni na gaske. Waɗanda suka biya haraji kafin 1960 sun ragu ƙwarai, yawancin dattawan da ɗalibi zai tambaya suna tuna harajin da ya ci gaba a hannun En'e da ƙananan hukumomi har gwamnatin Abubakar Rimi ta soke shi tare da jangali a 1979. Dattijon da ya ce "zamanin Turawa" yana iya nufin 1955 ko 1970, don haka wajibi ne a koya wa ɗalibi ya tambayi wane sarki ne a kan gado, wane dagaci ne ya karɓi kuɗin, kuma da fam aka biya ko da naira.