Taura Biyu a Baki: Tarihin Sana'ar Gefe a Tsakanin Ma'aikatan Gwamnati a Abuja

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Sakatariyar Tarayya da ke Abuja a lokacin tashi daga aiki, ya ga yadda motocin gida suke jeruwa, masu su na leƙo kai suna kiran fasinjan Nyanya da Mararaba, ko na Kubwa da Zuba. Da dama daga cikin waɗannan direbobi ma'aikata ne da suka fito daga ofis, suna neman abin da za su mayar da kuɗin mai, su kuma rage na cefane. A cikin ofisoshin kansu akwai mai tallar atamfa da turaren wuta, da mai kawo ƙwai daga ɗakin kajinsa, da mai dillancin filaye.

Akan ɗauki wannan hali a matsayin wata sabuwar cuta da talauci ya haifar. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa haɗa hanyoyin samu biyu ko uku tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa da maƙwabtanta, kuma rayuwa a kan albashi kaɗai ita ce baƙuwa. Za a bi diddigin yadda aka kafa Abuja da dokokin aiki a kan zaton cewa albashi zai wadatar, da yadda wannan zato ya rushe, aka bar ma'aikaci yana yin a ɓoye abin da kakanninsa suka yi a sarari.

2.0 Sana'a Fiye da Ɗaya Kafin Zuwan Albashi

Kamar yadda aka sani, damina a ƙasar Hausa ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar. Da zarar an kai amfanin gona rumbu, sai manomi ya koma wa saƙa ko rini ko ƙira ko jima ko koli, wani kuma ya ɗauki jakarsa ya tafi cin rani. M.G. Smith, a nazarin da ya yi kan tattalin arzikin Hausawan lardin Zazzau wanda aka buga a 1955, ya nuna cewa magidanta kan haɗa noma da sana'ar hannu ko kasuwanci. Haka ma Polly Hill ta tarar a Batagarawa, kusa da Katsina, a littafinta na 1972. Ita ce kuma ta jawo hankalin masana ga cinikin da matan aure suke yi daga cikin gida ta hannun yara 'yan talla. Hatta malamin allo yakan yi ɗinkin hula ko rubutun littattafai a tsakanin karatun safe da na yamma.

Yankin da ya zama Babban Birnin Tarayya bai fita daga wannan tsari ba. Tsohuwar Abuja, wadda a yau ake kira Suleja, Abu Ja ne ya kafa ta a 1828, bayan da sarakunan Haɓe na Zazzau suka baro Zariya a zamanin jihadi. A ƙauyukan Gbagyi da ke kewaye da ita, mata sukan haɗa aikin gona da ginin tukwane. Daga cikin irin waɗannan mata aka sami Ladi Kwali, wadda ta shiga makarantar ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a Abuja, a shekarar 1954, kuma hotonta yake a bayan takardar naira 20.

Abin lura a nan shi ne, wannan tsari ya ginu ne a kan yanayin shekara. Damina ta gona ce, rani na sana'a, babu wadda take cin haƙƙin wata. Sannan lokacin na mai shi ne, bai sayar wa kowa ba. Saboda haka babu wanda ya taɓa kallon maƙeri mai gona a matsayin maha'inci. Hasali ma wanda ba shi da sana'ar rani shi ake yi wa kallon raggo.

3.0 Zuwan Albashi da Ƙa'idojinsa

Turawan mulkin mallaka ne suka kawo aikin da ake sayen lokacin mutum gaba ɗaya da kuɗin ƙarshen wata. Ƙa'idojin aikin gwamnati na zamaninsu sun hana ma'aikaci shiga kasuwanci, bisa dalilin kada ya yi amfani da kujerarsa wajen amfanar da aljihunsa. A madadin haka aka yi masa alkawarin albashi tsayayye da fansho, manya kuma har da gida da rancen mota. Gwamnatocin bayan mulkin kai sun gaji wannan yarjejeniya yadda take.

Zamanin arzikin man fetur ya ƙara wa mutane imani da ita. Kwamitin Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi mai tsoka, aka kuma biya su ariyas a farkon 1975. Sai dai a cikin wannan shekara gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da 10,000, da yawa ba tare da an saurari bahasinsu ba. Ko da yake an yi haka ne da niyyar tsabtace aiki, darasin da waɗanda suka rage suka ɗauka shi ne, kujera ba ta da tabbas, kuma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Shekara guda bayan haka, a 1976, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, ta yi kira ga kowa, har da ma'aikata, ya yi noma ko da a bayan gidansa ne. Wato gwamnati da bakinta ta buɗe wa ma'aikaci ƙofar neman na gefe, amma ta fuskar gona kawai.

4.0 Birnin da Aka Tsara Domin Masu Albashi

A daidai wannan lokaci na wadata aka yi tunanin sabon babban birni. An naɗa kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda a 1975, kuma a ranar 3 ga Fabrairu 1976 Murtala ya bayyana wa ƙasa zaɓen Abuja. Dokar soja mai lamba 6 ta 1976 ta yanko ƙasa mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara, ta kuma danƙa mallakarta baki ɗaya ga gwamnatin tarayya. Babban tsarin birnin, wanda aka kammala a 1979, ya ware wa kowane abu muhallinsa: nan ofisoshi, can gidaje, can kasuwa.

Wannan ya saɓa wa tsarin birane irin su Kano da Katsina da Zariya, inda zaure yake zama shagon maɗinki, ƙofar gida ta zama wurin teburin mai koli, bayan gari kuma gona. Mutumin da masu tsara Abuja suka hango ma'aikaci ne mai gidan gwamnati, wanda zai fita da safe ya dawo da yamma, albashinsa kuma ya ishe shi.

Kafin a tare a birnin, wannan ma'aikaci ya riga ya ɓace. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, sannan a 1986 Janar Ibrahim Babangida ya kawo shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP. Naira, wadda a 1985 ta ɗan ɗara dalar Amurka, ta koma kimanin naira 4 a kan dala ɗaya a 1987, ta kai kusan naira 22 a farashin gwamnati a 1993. Mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a 1981 naira 125 ne, wato kimanin dala 200. Da aka ninka shi zuwa naira 250 a 1991, darajarsa ba ta wuce kimanin dala 25 ba. A ranar 12 ga Disamba ta wannan shekara ta 1991 ne fadar gwamnati ta baro Legas ta koma Abuja. Ke nan an kwaso ma'aikata zuwa birni mai tsada a lokacin da albashinsu ya rasa auki.

5.0 Sigogin Sana'ar Gefe a Abuja

Gidajen da gwamnati ta gina a Garki da Wuse ba su wadatar ba. Ƙananan ma'aikata suka bazu zuwa Nyanya da Karu da Kubwa da Gwagwalada, wasu har Mararaba ta jihar Nasarawa ta yau, da Madalla da Suleja a jihar Neja. Nisan da ke tsakanin gida da ofis, tare da ƙarancin motocin haya, su suka raya kabu-kabu, wato mayar da motar gida ta haya a hanyar zuwa aiki da dawowa. Mai babur kuma ya shiga acaɓa da yamma, har zuwa 2006 da ministan birnin, Malam Nasiru El-Rufa'i, ya hana ta a cikin ƙwaryar gari. Mata ma'aikata suka mayar da ofis kasuwar bashi, a ɗauki kaya yau a biya in wata ya yi, adashe kuma ya zama jari. Malaman makaranta suka koma koyar da 'ya'yan masu hali a gida.

Masanin siyasa Abdul Raufu Mustapha, a wata takarda da ya rubuta a 1991, ya nuna cewa SAP ya sa haɗa hanyoyin samu ya tashi daga zama dabarar talaka, ya game har likitoci da malaman jami'a da manyan jami'ai. A nan ya kamata a rarrabe abu biyu. Masinja ko akawu da yake kabu-kabu ƙarfinsa da barcinsa yake sayarwa. Amma jami'in da ya yi rajistar kamfani da sunan matarsa ko ƙanensa, ya kuma ba kamfanin kwangilar ma'aikatarsa, kujerar jama'a yake sayarwa. Abuja, kasancewarta birnin rabon filaye da kwangila, ta ba irin wannan na biyu dama fiye da kowane gari a ƙasar. Duka biyun kuwa suna guda ake kiransu da shi a baki, wato buga-buga.

Shirin mayar da alawus-alawus kuɗi na 2003, da sayar da gidajen gwamnati da ya biyo baya tun daga 2005, sun janye gida da mota daga cikin tsohuwar yarjejeniya. Zuwan Uber Abuja a 2016, da takwarorinsa irin su Bolt, ya sa wa kabu-kabu sabuwar riga, kamar yadda WhatsApp ya zama faranti ga mai talla. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, an ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, abin da a farashin canjin lokacin bai kai dala 50 ba.

6.0 Matsayin Doka

Duk da waɗannan sauye-sauye, doka tana nan a kan tsohon zato. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta kafa dokar soja mai lamba 34, wadda ta hana ƙwararrun da suke aikin gwamnati yin aikin ƙashin kansu. A 1992 aka yi wa malaman shari'a na jami'o'i togaciya. Jadawali na biyar na tsarin mulkin 1999 ya hana duk wani cikakken ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci ko sana'a tasa, in ban da noma, kuma Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata da kotunta aka ɗora wa alhakin tsare wannan ƙa'ida.

Togaciyar noma tana da ma'ana a jihohi, inda ma'aikaci yake kusa da gonar gado. Jihar Imo ta ware wa ma'aikata kwana biyu a mako domin noma a 2016, jihar Kaduna kuma ta mayar da ranakun aiki huɗu a 2021, noma na cikin dalilanta. Amma a Abuja, ƙasa ta gwamnati ce, ma'aikaci baƙo ne, filin bayan gari kuma ya fi ƙarfin ƙaramin albashi. Wanda yake iya mallakar gidan gona a hanyar Kefi ko ta Kaduna shi ne babban jami'i. Sakamakon haka, sana'ar da doka ta halatta ta zama ta masu hali, wadda talaka yake iyawa kuma ta zama laifi a rubuce, ko da yake ba kasafai ake hukunta kowa a kanta ba.

Illar wannan hali iri biyu ce. Ta farko tana kan jama'a: wanda ya zo daga Sakkwato ko Maiduguri bin takardun fanshonsa, ya tarar da kujera babu kowa, shi ya biya kuɗin sana'ar gefen da aka tafi yi. Ta biyu tana kan ɗa'ar aiki: idan kowa a ofis ya san yana karya ƙa'ida, ba mai bakin tsawata wa wani. Mai tallar ƙwai ba ya iya tona mai kwangila, tunda a idon doka jirgi ɗaya ya ɗauko su.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa sana'ar gefe a Abuja tana da tushe biyu: gadon al'umma da ba ta saba dogara ga hanya ɗaya ba, da kuma rushewar yarjejeniyar albashi tun daga shekarun 1980. Bambancin da ke tsakanin jiya da yau shi ne, manomin da damina da rani suka raba wa aikinsa, shi kuwa ma'aikacin Abuja dole ya yanko lokacin sana'arsa daga na ofis ko daga na iyalinsa. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, amma wanda ɗaya ba ta ƙosar da shi ba zai fasa gwadawa ba.

Saboda haka akwai buƙatar a sake duban jadawali na biyar. Ko dai a biya albashin da zai sa hanin ya zama adalci, ko kuwa a yarda wa ma'aikaci ya bayyana sana'arsa a rubuce, a ƙayyade masa lokacinta, a kuma haramta masa duk wadda take da alaƙa da kujerarsa. Ta haka ne za a iya raba mai neman halaliyarsa da mai cin amanar jama'a, a san wanda za a ƙyale da wanda za a gurfanar.