Gizo da Gammo a Yaƙin Bama

Ran da muka buɗe akwatin marigayi kakana, wanda ya yi Yaƙin Bama, sai na tarar da wani ɗan ƙyalle mai zanen masu biyu a gicciye bisa gammo. Mamaki ya kama ni. Mashi dai kayan yaƙi ne, amma me ya kawo gammo kafaɗar soja? Neman amsar wannan tambaya shi ya jawo wannan ɗan rubutu.

A shekarar 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Turawan Ingila suka kafa manyan rundunoni biyu na sojan Afirka ta Yamma, wato ta 81 da ta 82, daga Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, domin su kara da Japanawa a ƙasar Bama. Kowace aka yi mata tambarinta.

Runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ta ɗauka, bisa ƙyalle rawaya. Wannan shi ne Ananse na tatsuniyoyin Asantawa, ɗan'uwan Gizo namu, mijin Ƙoƙi. Kowa ya taso a gindin tsohuwa ya san Gizo ba ƙarfi gare shi ba, da dabara yake kā da giwa. Haka kuwa aka so sojan su zama a kwarin Kaladan cikin 1944, inda kurmi da tsauni suka hana a gwada yawan igwa.

Ta 82 ita ce mai mashi da gammo. Dalili kuwa, a yankin Arakan akwai wuraren da mota ba ta shiga. Jirgin sama ya jefo kaya, sa'an nan dubban sojan dako su ɗauki harsashi da abinci da gaɓoɓin igwa a ka, su bi sawun masu bindiga cikin ruwa da laka. Ba don su ba, da rundunonin biyu ba su haɗu sun ci Miyohwan a Janairun 1945 ba. Ashe wanda ya zana tambarin nan gaskiya ya faɗa: gammo ne ya kai mashi fagen fama.

To, 'yan'uwa ɗalibai, ga abin da ya dame ni. Kakana ɗan dako ne a wannan runduna, kuma har ya bar duniya bai cika son a tambaye shi aikinsa ba, domin in tsofaffin soja suna hira, labarin harbi ake so. Mu ma mun riƙe sunayen wuraren yaƙin da na rundunoninsa, ga barikin Cindit a Zariya, ga na Dalet a Kaduna, ga Runduna ta 81 a Legas da ta 82 a Inugu, amma mun manta da masu gammo.

Shawarata ga masu nazarin tarihi a cikinmu ita ce, mu karanta tambari kamar yadda muke karanta kirari, gama yakan adana abin da baki ya ji kunyar faɗi. Allah ya jiƙan mazan jiya.