Furfura da Kaushi a Tarihin Magungunan Gida na Hausawa

Gabatarwa

Abubuwa biyu ne sukan bayyana a jikin mutum ba tare da ya gayyace su ba, watau furfura wadda shekaru ke kawowa, da kaushi wanda hunturu ke kawowa. A kasuwannin yau akan haɗa su a rumfa guda, a jera musu kwalabe, kowace da sunan magani. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa Bahaushen dauri bai ɗauke su abu ɗaya ba. Kaushi ya ɗauke shi cuta mai zuwa daga waje, ya nema masa magani. Furfura kuwa ya ɗauke ta hali mai fitowa daga ciki, iyakarsa da ita ya girmama ta ko ya sake mata launi. Za a bi tarihin kayan da ya yi amfani da su, sa'an nan a auna su da abin da ilmin zamani ya tabbatar.

Hunturu da man kaɗanya

Hunturu yakan kama daga wajen ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, wani lokaci har cikin Maris. Iskarsa tana busowa ne daga arewa maso gabas, tana ɗauke da ƙurar Sahara, musamman ta kwarin Bodele da ke ƙasar Cadi. A irin wannan lokaci laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, sai fata ta riƙa zubar da ruwan da ke cikinta. Harshen Hausa ya rarrabe matakan wannan lahani. Jiki yakan yi furu-furu, tafin ƙafa ya yi kaushi, idan abin ya yi tsanani dunduniya ta tsage, shi ne faso. Haka kuma an bambanta ɗari, watau busasshen sanyin hunturu, da sanyi mai laima irin na damina. Lewis Wall ya yi bayanin wannan bambanci a littafinsa na magungunan Hausawa na 1988.

Babban makamin gida a kan kaushi shi ne man kaɗanya, ko man kaɗe. Tarihinsa a yankin da itacen ke fitowa ya girmi duk wani rubutu da ya ambace shi. Binciken kufai da Daphne Gallagher da abokan aikinta suka yi a Kirikongo ta Burkina Faso, wanda aka buga a 2016, ya nuna cewa ana sarrafa ƙwarar kaɗanya a wurin tun wajen shekara ta 100 Miladiyya. Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya ratsa daular Mali a 1352 zuwa 1353, ya ga wani mai da ake tatsa daga ƙwarar itace, ana girki da shi, ana kunna fitila, ana kuma shafa shi a jiki, kuma masana sun fi karkata ga cewa man kaɗanya yake nufi. Mungo Park ya siffanta itacen a tafiyarsa ta 1796, har masu ilmin tsirrai suka daɗe suna kiran kaɗanya da sunan da aka ciro daga nasa. Ko da yake waɗannan shaidu daga yamma da ƙasar Hausa suke, itacen ɗaya ne, kuma J. M. Dalziel ya kawo shi a cikin ƙamus ɗinsa na sunayen tsirrai na Hausa na 1916.

Abin lura a nan shi ne tsarin lokaci. Kaɗanya tana zubar da 'ya'ya ne da farkon damina. Mata su tsinto, a shanye zaƙin, a dafa ƙwarar, a shanya, a fasa, a soya, a daka, a niƙa, a cuɗa da ruwa har mai ya taso, sa'an nan a tafasa a tace. Ashe ke nan maganin hunturu tun damina ake tanadinsa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ban da man kaɗe, akwai man shanu da ake samu daga Fulani, wanda mata ke shafa wa gashi lokacin kitso. Akwai man gyaɗa da ake samu wajen ƙuli-ƙuli. Akwai kuma alayyadi, watau man ƙwarar kwakwar manja, wanda fatake ke kawowa daga kudu. Mai kaushi yakan jiƙa ƙafa cikin ruwan ɗumi, ya goge da dutse, sa'an nan ya shafa mai. Mata kuma suna ƙunshi da lalle bisa imanin cewa yana tsare ƙafa daga faso.

Furfura tsakanin lalle da shuni

Labarin furfura ya bi wata hanya dabam. A al'adar Hausawa furfura shaidar dattaku ce. Akan ce a ji kunyar furfurar wane, kuma idan dattijo ya yi abin assha akan ce bai kiyaye furfurarsa ba. Abin da ake jin kunyarsa kuwa ba a kiransa cuta.

Musulunci ya ƙarfafa wannan matsayi, ya kuma shata masa iyaka. An ruwaito hani ga tsige furfura. Muslim ya ruwaito cewa a ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira, an zo da Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa da gemunsa fari fat, sai Annabi (SAW) ya yi umurni a sake launinsu, amma a nisanci baƙi. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, littafin da ɗaliban zaure suka daɗe suna karantawa a ƙasar Hausa, ta bayyana rina gashi da baƙi a matsayin makaruhi wanda bai kai haram ba, ta kuma nuna babu laifi a rina shi da lalle da katam. Wannan shi ne tushen jan gemun da ake gani ga wasu malamai da dattawa.

Shi kansa lalle yana ɗauke da tarihin cuɗanya. Masu nazarin asalin kalmomi suna danganta sunansa da kalmar Abzinawa anella, abin da ke nuna cewa ta hanyar Sahara ya shigo. Daga Hausa kuma kalmar ta wuce kudu, har Yarbawa suna cewa laali.

Launi na biyu shi ne shuni, wanda ake samu daga baba. Hugh Clapperton, wanda ya sauka a Kano a farkon 1824, ya rubuta cewa matan ƙasar da na Barno suna rina gashinsu da girarsu da hannuwansu da shuɗi. A garin da karofi ke cikin manyan sana'o'insa wannan ba abin mamaki ba ne. Sai dai ya kamata a kula cewa abin da Clapperton ya gani ado ne na mata baki ɗaya. Ɓoye furfura, idan ya samu, riba ce da ta biyo bayan kwalliya.

Zuwan kayan kanti

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma cinikin gyaɗa da ya biyo baya ya buɗe wa kayan kanti ƙofa. A cikinsu akwai man Vaseline, wanda Robert Chesebrough ya yi wa rajista a Amurka a 1872, Hausawa kuma suka mai da sunansa basilin. Shi ma yana tsare ruwan fata sosai, saboda haka karɓarsa ba ta saɓa wa tsohuwar fahimta ba. Abin da ya sauya shi ne daraja. Sannu a hankali man kaɗe ya zama alamar ƙauyanci saboda warinsa, alhali kamfanonin Turai suna sayen ƙwararsa, suna sa man cikin cakulan da man shafawa masu tsada.

Ta fuskar gashi canjin ya fi zurfi. Baƙin rinin zamani, wanda aka fara sarrafa shi a Turai a ƙarshen ƙarni na 19, yawancinsa yana ɗauke da sinadarin da ake taƙaita sunansa PPD. Shi ne kuma ake zubawa a wasu nau'o'in abin da ake kira baƙin lalle. Likitoci sun tabbatar cewa yana jawo wa wasu mutane ƙaiƙayi da kumburi da ƙuraje masu ruwa, kuma shan sa guba ne mai kisa, kamar yadda asibitocin Sudan suka sha bayar da rahoto. Da zuwan wannan rini ne burin ya tashi daga ƙawata furfura ya koma ga musun samuwarta.

Hukuncin ilmin zamani

Fata tana bushewa ne idan ruwan saman ta ya ƙafe. Man kaɗanya yana narkewa da ɗumin jiki, ya yi shimfiɗa wadda ke rage ƙafewar, musamman idan an shafa shi bayan wanka tun jiki da damshi. Nan tsohuwar dabara ta dace da ilmi.

Furfura kuwa tana fitowa ne idan ƙwayoyin da ke samar da launi a tushen gashi suka daina aiki, kuma gado ne ya fi rinjaye wajen lokacin fitowarta. Binciken da aka yi a Jami'ar Harvard a kan ɓeraye, wanda aka buga a 2020, ya nuna cewa tsananin tashin hankali yana ƙarar da tushen waɗannan ƙwayoyi, abin da ya yi kusa da maganar mutane cewa wahala na kawo furfura. Furfurar ƙuruciya wani lokaci takan zo da ƙarancin bitamin B12 ko ciwon maƙoƙo, wannan kuwa aikin likita ne. Amma babu wani mai ko ganye da aka tabbatar yana mayar da furfurar tsufa baƙa daga tushe. Lalle yana kama jikin gashin da ya riga ya fito ne kurum, shi kuwa gashi yana ƙaruwa da kimanin santimita 1 a wata, sai fari ya sake ɓullowa daga ƙasa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa rabon da magabata suka yi daidai ne: kaushi yana jin magani, furfura launi kaɗai take karɓa. Kayan da suka yi aiki da su sun zo daga daji da fatauci da littafi, kuma sunayensu taska ce ga mai nazarin harshe. Akwai bukatar a tattara kalmomin wannan sana'a daga bakin tsofaffin mata tun suna raye. Akwai kuma bukatar a dubi halin da kaɗanya ke ciki, domin itace ne da kan shekara 15 zuwa 20 kafin ya fara 'ya'ya, ga shi kuwa masu gawayi suna sare shi cikin yini guda.