Dokokin rage shan mai da manyan motoci: yadda lamarin ke isowa Tasawa da Mayahi

A Turai ko Amurka, idan aka ce mota mai ƙarfi, ana nufin motar gudu irin ta masu hannu da shuni. A gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maradi, kalmar na nufin katkat ko a-kori-kura da ke iya keta rairayi ɗauke da buhunan gero, wake ko aya, ko kuma ta kwaso marar lafiya daga ƙauye zuwa likita. Duk da bambancin, dokoki guda ne suka sauya injinan waɗannan motoci duka, kuma an rubuta su ne nesa da Nijar.

Mene ne waɗannan dokoki?

Dokoki ne da ke tilasta wa kamfanonin ƙera motoci su rage yawan man da motocinsu ke sha. Amurka ce ta yi fice wajen farawa, a shekarar 1975, bayan takunkumin man fetur da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a 1973. Dokarta, wadda aka sani da CAFE, tana duba matsakaicin shan mai na dukkan motocin da kamfani ya sayar a shekara. An ɗora wa kamfanoni kai ƙananan motoci ga kimanin lita 8,6 a kowane kilomita 100 kafin 1985. A 1978 aka ƙara wani haraji na musamman a kan ƙananan motoci masu zuƙar mai, amma bai shafi a-kori-kura da manyan katkat ba.

Tarayyar Turai ta bi ta hanyar auna hayaƙi. Kowace lita ta fetur da aka ƙona na fitar da kusan kilo 2,3 na iskar CO2, don haka rage hayaƙin daidai yake da rage shan mai. Dokar 2009 ta sa iyakar giram 130 a kilomita guda kafin 2015, daga baya aka sauko da ita zuwa giram 95 a 2021, wato kimanin lita 4,1 na fetur a kilomita 100. Kamfanin da ya zarce iyaka yana biyan tarar yuro 95, sama da jika 62 na CFA, a kan kowane giram, a kan kowace motar da ya sayar. Faransa ta ƙara nata harajin tun 2008 a kan mai sayen sabuwar mota mai yawan hayaƙi, kuma a 2024 ƙololuwarsa ta kai yuro 60.000, fiye da miliyan 39 na CFA.

Yadda kamfanoni suka amsa

Kamfanonin ba su rage ƙarfin motoci ba. Sun ƙanƙanta injin, suka haɗa masa turbo mai cusa iska, da na'urar fesa mai da kwamfuta ke sarrafawa, a wasu motocin har da batir da injin lantarki. Misali na kusa shi ne Toyota Land Cruiser, motar da mutane ke kira V8 kawai saboda silinda takwas na injinta. Samfurin 300 da ya fito a 2021 ya ajiye wannan inji, ya koma silinda shida mai turbo biyu, kuma ya fi na da ƙarfi. Haka Mercedes ta yi wa motarta ta gudu AMG C63, wadda ta sauko daga silinda takwas zuwa huɗu tare da taimakon lantarki.

Kusa da waɗannan dokoki akwai na tsabtar hayaƙi, da ake kira Euro. Tun daga Euro 5 a 2009, motocin gazuwal na Turai na zuwa da matatar toka a bututun hayaƙi, kuma da yawa daga cikin na Euro 6 na buƙatar wani ruwa na daban mai suna AdBlue. An ƙera su ne domin man Turai, wanda farar wutar da ke cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba.

Ta ina suke isowa Nijar?

Ta kasuwar motocin hannu. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai, Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa. Shekaru da dama tashar Kwatano ce babbar ƙofar motocin da ke zuwa Maradi, har sunan garin ya zama sunan kayan. Bayan rufe iyakar Benin a 2023, ƴan kasuwa da yawa sun karkata zuwa Lome ta Burkina Faso, hanya mai tsawo da tsada. Ko ta wace hanya, dokar da aka kafa a Turai yau tana isa tashar Tasawa bayan shekaru goma ko fiye, a cikin injin motar da wani ya gama mora.

Yankin ya taɓa yunƙurin kafa tasa doka. A watan Fabrairun 2020 ministocin CEDEAO suka amince a Wagadugu cewa man da ake shigowa da shi kada farar wutarsa ta wuce kashi 50 cikin miliyan, motocin da ake shigowa da su kuma su cika ma'aunin Euro 4. Sun sa burin sauko da matsakaicin shan mai daga kimanin lita 8 zuwa lita 4,2 a kilomita 100 kafin 2030. Nijar ta sanar da ficewa daga ƙungiyar a Janairun 2024 tare da Mali da Burkina Faso, ficewar ta tabbata a ranar 29 ga Janairun 2025.

Farashin lita, dokar da kowa ke ji a jika

A aikace, abin da ya fi juya zaɓin mai mota a nan shi ne kuɗin mai. Matatar SORAZ ta Damagaram, da ta fara aiki a Nuwamban 2011 da ƙarfin ganga 20.000 a rana, ita ce tushen man cikin gida, SONIDEP na rarrabawa, gwamnati na yanke farashi. Amma gundumar Tasawa na dab da iyakar Najeriya, kuma shekara da shekaru man ruwa-ruwa da ake sayarwa a kwalabe ya fi na gidan mai araha nesa ba kusa ba. Wannan arahar ce ta sa tsofaffin motoci masu zuƙar mai, irin su Peugeot 504 da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, suka ci gaba da cin kasuwa.

Abin ya juye a ranar 29 ga Mayun 2023, da shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin mai a Najeriya. Farashi ya ninka a can cikin ƴan kwanaki, masu motoci a nan suka koma gidajen mai. A Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta rage litar fetur daga CFA 540 zuwa 499, ta gazuwal daga 668 zuwa 618. A Maris ɗin 2025 kuma ƙasar ta yi fama da ƙarancin fetur, aka ga dogayen layuka a gidajen mai.

Lissafin ba shi da wuya. Daga Tasawa zuwa Maradi kimanin kilomita 120 ne a kan babbar hanya mai lamba 1. Motar da ke shan lita 15 a kilomita 100 za ta ƙona lita 36 zuwa da dawowa, kusan jika 18 a farashin 499. Wadda ke shan lita 7 ba za ta kai jika 9 ba. Ban da haka, kuɗin binyet na shekara yana hawa ne gwargwadon ƙarfin injin da aka rubuta a takardar mota.

Inda sabon inji ke gamuwa da cikas

A kan kwalta ƙaramin inji mai turbo yana da riba. Sai dai yawancin ƙauyukan Urafan, Kanambakashe ko Gidan Amumun ba a kan kwalta suke ba, kuma a kwarin Gulbin Kaba rairayi na da zurfi. Motar da ke tafe da ƙaramin giya, ɗauke da kaya fiye da kima, cikin zafin bazara, tana sa turbo aiki ba hutu, shan man kuma ya haura abin da kamfani ya rubuta.

Na biyu shi ne ingancin mai. Na'urar fesa mai ta zamani ba ta jure ƙura ko ruwa a cikin mai, abin da ba a rasawa a man jarka. Gazuwal mai yawan farar wuta yana toshe matatar toka, motar ta rage ƙarfi da kanta. Sau da yawa mafitar da ake samu a gareji ita ce cire matatar, wanda ke mayar da hayaƙin da aka ƙera ta don hanawa.

Na uku shi ne gyara. Tsohon injin gazuwal mai silinda shida na Land Cruiser, da ake kira 1HZ, ba ya dogara da kwamfuta, bakanike na iya kwance shi a gindin bishiya. Sabon inji sai an jona shi da na'urar bincike, kuma kayan gyaransa sau da yawa sai an aika Maradi ko Kano. Shi ya sa tsofaffin Hilux da Land Cruiser ba sa faɗuwa a kasuwa duk da shekarunsu.

Abin lura kafin saye

Mai shirin sayen babbar mota a wannan yanki yana da tambayoyi huɗu: wace kasuwa aka ƙera motar dominta, Turai ko Afirka da ƙasashen Larabawa, tana da matatar toka ko tana buƙatar AdBlue, akwai bakaniken da ya san injinta a kusa, kuma kashi nawa na tafiyarta zai kasance a kan kwalta. Ga motar asibiti ko ta ma'aikatar magajin gari, amsar tana shafar rai, domin motar da ta tsaya jiran kayan gyara mako biyu ba ta ɗauko mai naƙuda daga ƙauye. Yayin da kamfanoni ke daina ƙera injinan da ba su da kwamfuta, garejojin Tasawa da Mayahi za su ƙara buƙatar na'urorin bincike da matasan da suka iya aiki da su.