Loire à Vélo: Hanyar Keke ta Kwarin Kogin Loire

Loire à Vélo hanya ce ta masu yawo a kan keke a ƙasar Faransa. Ta bi gaɓar kogin Loire tun daga ƙauyen Cuffy, kusa da garin Nevers, har zuwa Saint-Brevin-les-Pins a bakin tekun Atlantika, kuma tsawonta ya kai kimanin kilomita 900 idan an haɗa da rassanta. "Luwar" ake furta sunan kogin, ma'anar sunan hanyar kuwa ita ce "Loire a kan keke". Yankuna biyu ne suka haɗa hannu suka fara aikinta a 1995: Centre, wanda yanzu ake kira Centre-Val de Loire, da Pays de la Loire. Ita ce ɓangaren yamma na babbar hanyar EuroVelo 6, wadda ta ratsa Turai tana bin koguna, ta kama Rhin da Danube, har ta dangana da birnin Constanța na Romaniya a bakin Bahar Aswad.

Inda shirun ya samo asali

Abin da aka fi yabon hanyar da shi shi ne shiru da rashin hawa, kuma duka biyun gadon aikin mutanen da ne. Loire shi ne kogi mafi tsawo a Faransa, ya ɗan haura kilomita 1,000 daga tushensa a dutsen Gerbier de Jonc, kuma kogi ne mai ambaliya. Tun a ƙarni na 12 sarki Henri na Biyu, wanda ya haɗa sarautar Ingila da ta Anjou, ya sa aka ƙarfafa ganuwar ƙasa a gefen kogin domin kare gonakin fadama. Faransawa na kiran irin wannan ganuwa levée. An yi ta ƙara mata tsayi ƙarni bayan ƙarni, musamman bayan manyan ambaliyoyin 1846 da 1856 da 1866, waɗanda har yau ake ganin alamar inda ruwansu ya kai a jikin bangon wasu gidaje da gadoji. A kan wannan ganuwa, ko a gindinta, mai keke yake tafiya a wurare da dama: ruwa da tsibiran yashi a hannu guda, gona a ɗaya hannun, shi kuma yana bisa yana hangen duka.

A ɓangaren gabas hanyar ta bi gefen magudanar da aka haƙa wa jiragen dako, Canal latéral à la Loire, a kan turbar da a da ake bi ana jan jiragen da igiya. Da jirgin ƙasa ya zo a tsakiyar ƙarni na 19 sai fataucin ruwa ya fara raguwa, daga baya turbar ta zama kufai har masu keke suka gaje ta. A Briare magudanar ta haye kogin kansa a kan wata gadar ƙarfe mai ɗauke da ruwa, mai tsawon mita 662, wadda aka buɗe a 1896, kuma kamfanin Gustave Eiffel ne ya gina ginshiƙanta. Ana haye ta da ƙafa ana tura keke, jirgi na wucewa a gefe, kogi na gudu a ƙasa.

Ba duk hanyar ce aka keɓe wa keke ba. Akwai sassan da mota ba ta shiga, waɗanda ake kira voie verte, akwai kuma ƙananan titunan ƙauye da ake rabawa da motar manomi da tarakta. A wuraren da ganuwar ta zama babban titin mota, sai a karkatar da mai keke zuwa ɗaya gaɓar ko cikin gonaki.

Gonakin inabi

Kwarin Loire na cikin manyan yankunan noman inabi na Faransa, kuma mafi yawan abin da ake nomawa giya ake yi da shi. Kowane yanki da irin da ya riƙe. A gabas, garin Sancerre yana kan tudu, Pouilly-sur-Loire na tsallaken ruwa, dukansu suna noman farin inabi mai suna sauvignon blanc. Hawan Sancerre na cikin 'yan wuraren da mai keke zai ji a cinyarsa. A Vouvray, kusa da Tours, chenin blanc ne. A Chinon da Bourgueil da kewayen Saumur baƙin inabi ne, cabernet franc. Daf da Nantes kuma ƙasar Muscadet ce, mai irin da ake kira melon de Bourgogne.

Duk wanda ya tsaya ya duba gindin kurangar inabi zai ga wani ƙulli kaɗan sama da ƙasa. Wurin aure ne, irin wanda manomi ke yi wa mangwaro. Dalilinsa shi ne wani ƙwaro mai suna phylloxera da ya shigo Faransa daga Amurka a shekarun 1860, yana cin saiwa, har ya kusa share gonakin inabin ƙasar kafin ƙarshen ƙarnin. Maganin da aka samu shi ne a aurar da reshen inabin Turai a kan saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron ba ya kashewa, kuma haka ake yi har yau.

Babban abin tsoron manomi a yanzu shi ne sanyin watan Afrilu. Idan kuranga ta fitar da toho sannan raɓa ta daskare da asuba, amfanin shekara na iya tafiya a dare guda. Shi ya sa ake kwana a gona ana jera manyan kyandirori cikin gwangwani tsakanin layuka, ko a kunna fanka mai tsayi da ke motsa iska. A Afrilun 2021 sanyin ya yi wa Faransa mummunar ɓarna, kuma Loire na cikin inda abin ya taɓa. Mai keken da ya bi wurin da sassafe a irin wannan lokaci yakan tarar da hayaƙi kwance a kan gonaki da mutanen da ba su runtsa ba. Wurin da baƙo ya zo shan iska wurin neman abincin wani ne, don haka ba a shiga tsakanin layuka ko a tsinki nono ɗaya na inabi ba tare da izini ba, musamman lokacin girbi a Satumba da Oktoba, lokacin da taraktoci ke yawan kai da komo a hanya.

Abin da ba inabi ba

Kuskure ne a ɗauka cewa kwarin na masu shan giya ne kaɗai. Akwai alkama da masara da lambunan tuffa, akwai garkunan awaki. Cukun akuya na Chavignol ɗan ƙarami ne kamar dunƙulen hannu. Na Sainte-Maure-de-Touraine dogo ne, da karan hatsi a soke ta tsakiyarsa domin ya riƙe shi. Kewayen Nantes lambu ne na ganyen salak da karas a kan ƙasa mai yashi.

Tsakanin Montsoreau da Saumur hanyar tana bi ta jikin wani farin dutse mai taushi da ake kira tuffeau. Daga nan aka sassaƙo duwatsun da aka gina fadoji da coci-coci, ramukan da aka bari kuma suka zama kogwanni masu tsawon kilomitoci, waɗanda sanyinsu ba ya kauce wa kusan digiri 12 rani da hunturu. A ciki ake ajiye giya, a ciki ake noman naman kaza, wasu ma gidajen zama ne da ƙofa da taga a fuskar dutse. A ƙauyen Turquant ana busar da tuffa a tanda kwana da kwanaki, ana bubbuga ta da guduma har ta baje, yadda za ta daɗe ba ta lalace ba.

A shekarar 2000 UNESCO ta sanya kilomita 280 na kwarin, daga Sully-sur-Loire zuwa Chalonnes-sur-Loire, cikin wuraren tarihi na duniya. A nan fadojin da suka yi suna suke: Chambord da sarki François na Ɗaya ya fara ginawa a 1519, Blois, Villandry mai lambun kayan miya, da Amboise inda Leonardo da Vinci ya rasu a wannan shekarar ta 1519. Mai keke zai kuma wuce tashoshin nukiliya huɗu da ke sanyaya injinansu da ruwan kogin: Belleville, Dampierre, Saint-Laurent-des-Eaux da Chinon.

Tafiyar kanta

An fi bin hanyar daga Mayu zuwa Satumba. Da yawa suna fuskantar yamma suna bin ruwa zuwa teku, sai dai iska ta fi kadawa daga yamma, don haka wanda ya nufi gabas ne take turawa ta baya. Masauki da shagunan haya masu alamar Accueil Vélo suna cikin tazarar kilomita 5 daga hanyar, suna da wurin kulle keke da kayan faci da famfo. Layin dogo na bin kwarin, kuma a tsakiyar shekara akan ƙara wa jiragen da ke bi ta Orléans da Tours da Nantes wurin ɗaukar kekuna, abin da ya sa mutum ke iya yin kwana biyu ko uku ya koma gida.

Dokar hanya ta Faransa ta hau kan mai keke kamar yadda ta hau kan direba: iyakar barasa a jini ita ce giram 0.5 a lita. Tun 2017 wajibi ne yaro ɗan ƙasa da shekara 12 ya sa hular kwano, kuma da dare a wajen gari sai da riga mai ƙyalli. Daga Afrilu zuwa Agusta ana hana taka wasu tsibiran yashin kogin, saboda tsuntsayen ruwa da ke zuwa daga Afirka suna ajiye ƙwai a kan tsakuwa a fili, ba sheƙa ba rufi.